Erlkönig, waƙar Franz Schubert

Erlkönig, wato sarkin aljanu, waƙa ce ta Jamusanci da mai tsara kiɗa Franz Schubert ya sa wa kiɗa a 1815 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, lokacin yana ɗan shekara 18 kacal. Tana cikin irin waƙoƙin da Jamusawa ke ce ma Lied, wato mawaƙi ɗaya da mai kaɗa fiyano ɗaya, ba 'yan amshi ba ganga, su biyun nan ne za su ɗauki nauyin labarin gaba ɗaya. Baitocin kuwa na marubucin Jamus Goethe ne, ya rubuta su a 1782 cikin wasan kwaikwayonsa mai waƙe Die Fischerin, tushen labarin kuma wata tsohuwar waƙar Danmak ce da wani marubucin Jamus mai suna Herder ya fassara.

Labarin gajere ne amma yana da tada tsigar jiki. Wani uba ne ke sukuwa a kan doki da tsakar dare rungume da ɗansa, sai yaron ya fara ɓoye fuska yana cewa baba ba ka ga sarkin aljanu ba, ga kambinsa can, uban ya ce a'a ɗana hazo ne kawai. Aljanin na ta lallashin yaron, wai ya zo su yi wasa, akwai furanni a bakin ruwa, uwarsa na da tufafin zinare, 'ya'yansa mata za su yi masa rawa da waƙa har ya yi barci. Duk sanda yaron ya yi kuka sai uban ya samo bayani, iska ce ke kaɗa busassun ganye, tsofaffin itatuwa ne ka gani. Da lallashi ya ƙi ci sai aljanin ya ce to zai ɗauke shi da ƙarfi. Uban ya ƙara wa doki ƙaimi, ko da ya isa gida yaron ya riga ya cika a hannunsa.

Abin da ya sa waƙar ta fita daban shi ne mutum ɗaya ke yin murya huɗu, mai ba da labari, uba, yaro da aljani. Uban yana ƙasa-ƙasa da murya mai nauyi, yaron yana sama kuma duk kiran da zai yi wa babansa sai ya ɗara na baya tsayi, shi ko aljanin a hankali yake rerawa da daɗi kamar mai rarrashin jariri, kuma gaskiya nan ne wajen ya fi ban tsoro. Shi kuma mai fiyano aiki ne ja a gabansa, hannun damansa zai ta dukan sauti ɗaya uku-uku cikin sauri kusan ba hutu, wannan shi ne ƙarar kofaton doki, masu kaɗawa da yawa na kukan ciwon wuyan hannu kafin a kai ƙarshe duk da waƙar wajen minti huɗu ce. Sai dab da ƙarshe dokin ya tsaya, fiyano ya yi tsit, mawaƙi ya faɗi mutuwar yaron kamar magana yake ba waƙa ba.

A 1816 Josef von Spaun, abokin Schubert, ya aika wa Goethe da wasu waƙoƙin Schubert har da wannan, aka dawo da su ko uffan bai ce ba. Sai a 1821 aka buga ta a matsayin aikin Schubert na farko da aka sa wa lamba, a watan Maris na shekarar kuma mawaƙi Johann Michael Vogl ya rera ta a gidan wasa na Kärntnertor da ke Biyana. Wasu masu tsara kiɗa ma sun taɓa ta: Carl Loewe ya sa wa baitocin Goethe kiɗan kansa, daga baya Liszt ya mai da waƙar Schubert ta fiyano zalla, Berlioz kuma ya tsara ta wa babbar ƙungiyar makaɗa. Schubert ya rasu a 1828 yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600, shi ko Goethe ya saurari wannan ɗin daga bakin mawaƙiya Wilhelmine Schröder-Devrient a 1830, shekara biyu bayan rasuwar wanda ya tsara ta.