Waiwaye: Karatun Nesa Daga Gidan Waya Zuwa Wayar Hannu

Ranar kasuwa a garuruwan karkarar Kano da Jigawa, rumfar mai cajin waya ba ta rasa mutum ɗaya ko biyu da ba hira ta zaunar da su ba. Za ka ga malamin firamare ya kafe babur a gefe, wayarsa na jone, janareta na ruri, shi kuwa ya duƙufa yana amsa jingar jami'a kafin a rufe shafin. Hanyar da ta kawo shi wannan rumfa doguwa ce. Kuma a kowane zamani, karatun da ake ce wa na nesa yana da wata gaɓa da dole ɗalibi ya je da ƙafarsa. A nan ɗan ƙauye ya fi faɗuwa.

A zamanin Turawa ta gidan waya ake yi. Makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College a Ingila kan aiko darasi cikin ambulan, ɗalibi ya amsa ya mayar, ya jira makonni kafin gyara ya dawo. Akawuna da malaman birni ne suka mori abin, domin yana buƙatar Turanci da akwatin gidan waya da kuɗin aikawa. Abin da ya shiga ƙauye a shekarun 1950 shi ne Yaƙi da Jahilci, da 'yan littattafan Hausa da ake bugowa daga Zariya.

Canji na gaske ya zo a 1976, da gwamnatin Obasanjo ta soma ilimin firamare kyauta, UPE. Yara suka cika azuzuwa, ƙwararrun malamai ba su kai ba. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don a horar da malami yana kan aikinsa. Da takardar malanta mai daraja ta biyu aka fara, a 1990 aka ƙara takardar shaidar malanta ta ƙasa, NCE. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya: a ba ka littattafan darasi bugaggu, ka karanta a gida, ƙarshen mako ku haɗu da malamai a wata sakandare ta kusa, lokacin hutu a yi zama mai tsawo, a shekara huɗu ka kammala. A ganinmu har yau ba a yi tsarin da ya dace da karkara kamar wannan ba. Littafi ba ya neman caji. Malami bai bar albashinsa ba, bai bar gonarsa ba, ga abokan karatu da za su tambayi dalili in ya yi fashi. Tangarɗar takan zo ne in littattafai sun makara, ko damina ta kankama ranar Asabar ta zama ta noma.

Buɗaɗɗiyar jami'a kuwa sai da ta mutu ta tashi. Shugaba Shehu Shagari ya kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, ba ta dawo ba sai 2002, shekara guda bayan wayar salula ta shigo ƙasar. Ita ce NOUN, wadda ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabanta daga 2016 zuwa 2021. Da ita karatun nesa ya tashi daga takarda ya koma intanet, matsalolinsa ma suka sauya kama.

Ga yadda abin yake ga mai son digiri. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ba sai ka zauna jarrabawar JAMB ba. Ka cike fom ta intanet, ka kai ainihin takardunka cibiyar karatu a tantance, ka biya kuɗi ta Remita, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet, su shiga asusunka na shafin makaranta. Daga nan rajista uku ce: ta zango, ta kwasa-kwasai, ta jarrabawa. Da yawa suna biyan kuɗi su koma gida a kan sun gama, sai ranar jarrabawa a nemi sunansu a rasa, alhali kuɗin na kwance a asusu ba a taɓa ba. Jinga, wadda ɗalibai ke kira TMA, maki 30 ce, jarrabawa 70. Wanda ya bari aka rufe jinga ya shiga ɗakin jarrabawa da gurguwar ƙafa.

Kuskure biyu ne suka fi yi wa mutanenmu illa, kuma duka a shagon kwamfuta ake yin su. Na farko, a bar mai shago ya buɗe imel da lambar sirri ya riƙe a wurinsa. Ran da ya rufe shago ya tafi cirani, ɗalibi ba shi da mabuɗin karatunsa. Na biyu, suna. Muhammad a takardar sakandare, Mohammed a katin ɗan ƙasa, can kuma an liƙa sunan gari a ƙarshe, ranar haihuwa ma ta bambanta. Minti biyu sun isa a duba wannan ranar cike fom, amma gyaransa bayan an kai aji uku sai an sha zirga-zirga.

Sai batun data da caji. Littattafan kwas ana sauke su kyauta, kuma ba su da nauyi. Bidiyo ne ke lashe data, don awa ɗaya na kallo na iya cinye abin da zai sauke littattafai da dama. Dabarar ita ce ran da aka shiga gari mai sabis a sauke na zangon gaba ɗaya, a buga masu wuyar a takarda, mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗin bugun. Karanta shafi ɗari biyu a fuskar ƙaramar waya, da dare, bayan an wuni a gona, ba abu ne mai ɗorewa ba. Ga matar aure da ke aron wayar maigida abin ya fi tsanani, ko da yake ita ce wannan karatu ya fi yi wa rana.

Jarrabawa dai galibi ba a yin ta a ɗaka. 'Yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta suke yi a cibiya, na sama da biro da takarda, cibiyoyin kuma suna birane irin su Kano da Dutse da wasu manyan garuruwa. Takardu takwas na iya warwatsuwa cikin makonni, kowace da kuɗin motarta, kuma tun cire tallafin mai a 2023 wannan lissafi ya yi nauyi. Mai hankali yakan ware kuɗin mota da masauki tun ranar rajista, ya kuma je shago ya koyi riƙe linzamin kwamfuta kafin ranar. Abin takaici ne mutum ya san amsa lokaci ya ƙare yana neman inda zai danna.

Annobar korona ta tona asirin giɓin da ke tsakanin birni da ƙauye. Da aka rufe makarantu a Maris 2020, rediyo aka koma, shi ne ya kai darasi rugage da ƙauyukan da intanet bai leƙa ba. Sai dai rediyo ba ya duba littafin yaro. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport don 'yan firamare da sakandare, ita ma tana jiran waya da caji.

Buɗewar ƙofa ta jawo 'yan damfara. Ana tallar digiri a WhatsApp, ba aji ba jarrabawa, turo kuɗi kawai. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Kafin a sayar da buhun gero ko tunkiya a biya kuɗin fom, a duba sunan makarantar a jerin da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince su yi karatun nesa, a tabbatar kwas ɗin kansa yana ciki, sannan kada a tura ko kwabo asusun da ke ɗauke da sunan mutum.