Ido ya daina zafi ba shi ne ya warke ba

Salam jama'a, yau maganar tawa da masu walda da giranda na Panteka ce, da masu aikin siminti da manoma da ganyen masara ko dawa ke shafar musu ido. Abin da muke yawan gani shi ne mutum ɗan ƙarfe ya faɗa masa a ido, a cire masa, kwana biyu zafi ya lafa shi ke nan ba za mu ƙara ganinsa ba sai idon ya yi hakiya.

Wannan tantanin mai haske da ya rufe baƙin ido, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa amma kaf jikin mutum babu inda ya kai shi yawan jijiyoyin ji, ya ninka na fata sau ɗaruruwa, shi ya sa ɗan ƙwayar yashi ɗaya zai hana ka sakat. Daga jijiya ta 5 cikin manyan jijiyoyin kai suke fitowa, kuma su ne maigadin ido, su ke sa ka ƙifta su ke sa hawaye ya zubo, har wasu sinadarai suke fitarwa da ke taimakon tantanin ya gyara kansa.

To ga inda matsalar take. Fatar sama in ƙarzuwa ce kawai tana haɗewa cikin awa 24 zuwa 72, amma jijiyoyin da suka tsinke a ƙarƙashi su ba sa sauri, a hankali suke toho daga gefe suna rarrafowa tsakiya, watanni ake yi, in ciwon ya yi zurfi ko aiki aka yi a idon ma yakan wuce shekara kuma wani lokacin ba sa dawowa yadda suke da. A wannan tsakanin ido ba ya ji sosai, ƙiftawa ta ragu hawaye ya ragu, ga ƙurar hunturu ga iskar kan babur, ido ya bushe ya sake tsagewa mai shi bai ma sani ba tunda babu zafin da zai gaya masa. Ni wallahi idon da ya yi ja yana gani dishi-dishi amma mai shi ya ce "ai ba ya min ciwo" ya fi tayar min da hankali akan wanda ya zo yana kuka. Masu ciwon suga ku ƙara kula, naku jijiyoyin sun fi jinkiri.

Sai maganin kashe zafin nan da ake ɗigawa a asibiti lokacin cire abu, don Allah kar ka je kemis nemansa, yawan ɗiga shi yana hana tantanin haɗewa har ya zama gyambo. Haka maganin ɗigawa mai sitiroyid, wato sinadarin rage kumburi, kar ka sa in ba likita ya rubuta ba, musamman in ganye ko kara ne ya soke ka. Ruwan suga, nonon mai shayarwa, ruwan ganye, tozali, duk a'a. Kuma kar a sa tsinken ashana ko harshe a ce za a ciro ƙarfe.

In siminti ne ko ruwan batir ya fantsama, kar ka tsaya neman abin hawa tukuna, buɗe idon ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20 sannan a wuce asibiti. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu, ga Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa nan cikin gari. Gwajin ma ba wahala, za a ɗiga wani rini a haska da shuɗiyar fitila a ga inda ya tsage, a taɓa idon da ɗan zaren auduga a ga ko za ka ƙifta. In an ce ka dawo ranar kaza ka dawo ko ba ka jin komai, kuma in ka koma bakin aiki sa gilashin kariya tun kafin ka kunna giranda.