Duba faifan zarto kafin a ɗaura shi a inji

Faifan zarto shi ne ƙarfen nan mai da'ira da haƙora a bakinsa wanda ake ɗaurawa a injin yanka katako. Duba shi kafin ɗaurawa aiki ne na minti biyu, amma kafintoci da yawa a Legas, daga Agege har kasuwar katako ta Mushin, tsallake shi suke yi, musamman in faifan tokumbo ne, wato na hannu, ko ya dawo daga wajen masu wasawa. Faifai mai faɗin milimita 250 in yana juyi 4,000 a minti, bakinsa na gudun sama da kilomita 180 a awa, to haƙori ɗaya in ya fice da wannan gudun ba abin da zai tare shi sai jikin mutum.

Farko dai a cire filogi daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba, don nan garin wuta na dawowa ba sallama. Sai a goge faifan da kananzir, ƙaron katako da tsatsa su fita, tunda danshin Legas ba ya barin ƙarfe lafiya kuma dattin na ɓoye tsaga. Tsagar yawanci daga lungun da ke tsakanin haƙora take farawa ko daga ramin tsakiya, siririya kamar gashi, sai an kai shi haske an juya a hankali ake ganinta. Tsofaffin kafintoci kan rataya shi a yatsa su ƙwanƙwasa da guntun katako, mai lafiya yakan yi amo ya ja, mai tsaga kuwa ƙwas kawai zai ce, ko da yake akwai sababbin faifai da aka yi su don rage ƙara, su wannan gwajin bai cika aiki a kansu ba. Faifan da ya tsage ba a kai shi walda, wallahi yar da shi ake yi komai tsadarsa.

Haƙoran ma a bi su ɗaya bayan ɗaya, kabaid ne, wani ƙarfe mai tauri sosai, aka liƙa musu a baki kuma ƙusa ɗaya a cikin katako ta isa ta ɓantare shi. A kwantar da faifan kan gilashi a ga ko ya karkace. Ramin tsakiya ya dace da sandar injin daidai, misali milimita 20 ko 30, banda ciko da waya. Lambar juyin da aka rubuta a jikinsa kada ta gaza ta injin, kibiyar da ke jikin faifan kuma ta kalli inda injin ke juyawa kafin a ɗaure noti.