Daƙiƙa ukun da ba ka ga titi ba

Aikin da na fi ƙi a ɗakin taimakon gaggawa shi ne wankin ciwon kwalta. Mutum ya faɗo daga babur, titi ya goge masa fata daga gwiwar hannu har kafaɗa, tsakuwa da yashi sun nutse cikin nama. Dole a tsince su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ciwon ya yi ruwa, ko ya warke da baƙin tabo. Ƙato da gemunsa sai ka ji yana kiran uwarsa. Akwai wani saurayi da na yi wa irin wannan wankin, ina cikin aiki ya miƙo mini wayarsa da hannun da ya tsira, ya ce in duba masa ko ta mutu. Gilashin ya tsage, amma ta kunnu. Hoton ƙarshe na nan: rabin fuskarsa yana murmushi, sauran duk sararin sama a karkace. Ban tambaye shi yadda aka yi ba.

Kusan duk wanda aka kawo mana da irin wannan, maganarsa ɗaya ce: "Wallahi ɗan kallo ɗaya na yi." To mu lissafa ɗan kallon. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Ka zaro waya, ka buɗe kyamara, ka daidaita fuskarka, ka danna: in ka yi wannan cikin daƙiƙa uku, kai gwani ne. A cikin daƙiƙa ukun nan ka shafe mita 50, wajen rabin tsawon filin ƙwallo, idonka ba ya kan hanya. Ko da gudun kilomita 40 kake, ka wuce mita 30. Kuma ba a nan lissafin ya tsaya ba, domin bayan ka ɗago kai ka hango rami ko yaro ko motar da ta ci birki, sai ka ƙara kamar daƙiƙa ɗaya kafin hannunka ya motsa, sannan birkin ya fara nasa aikin.

Babur kuwa ba shi da hannun da ya zauna banza. Hannun dama shi ke riƙe da totur da birkin gaba, kuma birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da babur. Hannun hagu na kan kuloci. Shi ya sa masu ɗaukar hoto suka fi sakin na hagu, suna ganin ai birki na hannunsu. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, in ka matse birkin gaba da ƙarfi hannu ɗaya a kan babur, nauyin jikinka gaba ɗaya zai faɗa kan wannan ɓangaren, kan babur ya juya, tayar gaba ta zame. Mota in ka sake ta, tayoyinta huɗu na riƙe da ita. Babur kai ne ƙafarsa ta uku.

Sai kuma ido. Duk wanda ya daɗe yana tuƙa babur ya san inda ka kalla nan babur yake bi. Ka juya kai kana hangen faɗuwar rana ko wani tsauni a gefen hagu, kafaɗarka za ta bi kanka, hannunka ya bi kafaɗa, kafin ka ankara ka ƙetara layin masu tahowa. Hoton ɗauki-kanka ya fi muni, domin a cikin wayar hanyar da ka riga ka wuce kake gani, ta gabanka kuwa ba mai kallonta. Ba a haɗa gudu da susar baya.

Wanda aka goya ma yana da nasa kason, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Yana ganin tunda ba shi ke tuƙi ba, hannuwansa nasa ne. Sai ya saki abin riƙo, ya ɗaga waya sama, ya karkata gefe yana neman fuskar mai tuƙin ta shiga hoto, har ya ce masa "ɗan juyo mana". Karkatar nan tasa babur na jin ta. In aka ci birki ko aka hau tudun rage gudu, shi ne farkon tashi sama, kuma sau da yawa shi ne ba shi da hular kwano.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce hatsarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Hukumar ta kuma ce mai tuƙi yana amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari da kusan ninki huɗu. In masu magana a waya ma sun shiga wannan lissafin, ina ga wanda ya ƙura mata ido yana gyara murmushi?

Wasu za su ce su ba sa riƙe waya, maƙala ta suke yi a kan babur, ko su ɗaura ƙaramar kyamara irin GoPro a ƙirji. Wannan ya fi, ban musa ba, amma da sharaɗi: ka kunna ta kafin ka tayar da babur, ka manta da ita har ka tsaya. Da zarar ka fara leƙawa ka ga ko tana ɗauka, ko kana karanta abin da masu kallonka kai tsaye ke rubutowa, ka koma gidan jiya. Akwai kuma ciwon da kyamara ke sa wa mutum a zuciya, wato ya ƙara wuta ko ya saki hannu don bidiyon ya yi armashi. Ga masu tausayin waya fiye da ƙashinsu kuma, kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa jijjigar injin manyan babura na iya lalata kyamarar iPhone.

In wuri ya burge ka, sa sigina, ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, nesa da kwana da kan gada da bayan tudu inda mai tahowa ba zai hango ka ba. Ka kafe babur, ka ɗauki hoto goma in ka so. Hoton ma ya fi fitowa, ba rawar hannu. Wayar kuma ta koma aljihu mai zif ko cikin jaka kafin ka sake hawa. Hular kwano a ɗaure igiyarta a haɓa, domin wadda aka ɗora kawai takan riga mai ita isa ƙasa.

In kuma an riga an faɗi, abin da nake roƙon jama'a shi ne kada a yi gaggawar ɗaga mutum a zaunar da shi, kada a fizge masa hular kwano sai in numfashinsa ya tsaya ko amai na shaƙe shi, domin wuya na iya samun karaya ba a sani ba. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ɗura masa ruwa. Wanda kansa ya bugu, ko da ya miƙe ya karkaɗe rigarsa yana dariya, a kai shi asibiti. Akwai zubar jini a cikin ƙoƙon kai da kan bar mutum garau na wasu sa'o'i, sannan ciwon kai mai tsanani, amai, barcin da ba a iya tashinsa, ruɗewa ko farfaɗiya su biyo baya. Haka in an ga jini ko ruwa fari na fita ta hanci ko kunne. Irin wannan ba a cewa bari gari ya waye.

Saurayin nan ya tafi gida da karayar ƙashin kafaɗa da ɗinki a haɓa. Ranar da ya dawo cire zare na tambaye shi hoton, ya ce ya goge, bai yi kyau ba.