Kapur kachri ba citta ba ce

An daɗe ana ɗaukar saiwar da 'yan Indiya ke kira kapur kachri a matsayin wani nau'in citta. Ba haka ba ne. Dangi ɗaya suke da citta da kurkum, amma tsiron daban ne. Masana tsirrai na kiransa Hedychium spicatum, yana fitowa a gangaren tsaunukan Himalaya, a Indiya da Nepal, da farin fure mai ƙamshi.

Hanci da harshe ma sun isa su raba gardama. Citta yaji take yi saboda sinadarin gingerol. Ita wannan kuwa, a kasuwa za ka same ta busasshiya, an yanka ta fale-fale, cikinta fari kamar gari, bayanta ja-ja. Ka murje ta, ƙamshi mai kama da kafur ya buge ka, ka ɗanɗana ka ji ɗaci. Babban sinadarin man da ke cikinta shi ne cineole, irin na ganyen itacen turare. Wanda ya zuba ta a shayi da sunan citta ya ɓata shayinsa.

A likitancin gargajiya na Indiya, wato Ayurveda, sunanta shati, kuma tsohon littafin Charaka Samhita ya lissafa ta cikin magungunan fuka da shaƙuwa. Ana kuma sa garinta a haɗin wanke gashi. Sai dai mai asma kada ya ajiye maganin asibiti saboda ita.

Rikicin bai tsaya nan ba: a kasuwannin Indiya kansu, saiwar wani tsiro, Kaempferia galanga, ana sayar da ita da sunan kapur kachri.