Saukar da AC zuwa 16 ba ya ƙara saurin sanyaya ɗaki

Da zarar an shiga ofis da zafin rana, sai a ɗauki rimot a danna har 16, wai don sanyi ya zo da wuri. Kuskure ne. A tsohon samfurin AC, kwamfuresa, wato injin da ke samar da sanyin, gudu ɗaya take yi. Lambar da ke rimot tana gaya mata lokacin tsayawa ne kawai. Ɗakin da ke kan 34 zai sauka zuwa 24 a lokaci guda ko an saita 24 ko 16. Bambancin dai, a kan 16 injin ba ya hutawa, kuɗin wuta da man janareta suna ta zurarewa. Ko samfurin inbata, wanda kwamfuresarsa ke iya ƙara gudu ko ragewa, muddin ɗaki na da zafi sosai, da cikakken ƙarfi yake tashi.

Shi ya sa tun 2020 Indiya ta wajabta sababbin AC su zo a saite kan 24. Gine-ginen zamani kuma sun fara karɓe rimot daga hannun mutane: na'urar gane motsi tana kashe AC idan ɗaki ya zama babu kowa. Sai dai ma'aunin zafin da aka liƙa kusa da taga mai rana ƙarya zai riƙa faɗa wa injin, don haka a sa shi a bangon ciki, a kuma wanke matatar iska duk mako biyu lokacin hunturu.