Ɗurin Harsashi a Gida: Inda Dokar Amurka Ta Saki da Inda Ta Ɗaure

Duk wanda ya taɓa zuwa filin gwajin harbi a Amurka zai ga wani abu da ke aukuwa bayan an ajiye bindigogi: mutum ya durƙusa yana tsintar kwanson harsashin da ya zube a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a ɗan bokiti, kamar mai kala a gonar gyaɗa. Ba bola zai kai su ba, gida zai tafi da su, ya wanke, ya hau teburinsa da ke garejin mota, ya sake mayar da su harsasai masu aiki. Wannan sha'awa ta sake ɗurin harsashi tsohuwa ce a ƙasar, har akwai kamfanoni irin su RCBS da Lee Precision da Hornady da Dillon waɗanda kayan wannan aiki suna daga cikin manyan hajojinsu. Masu yi suna ba da dalilai biyu ko uku: rage tsada, neman harsashin da ya fi dacewa da bindigar mutum domin saiti, da kuma raya tsofaffin bindigogin da masana'antu suka daina yi wa harsashi.

Harsashi abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai ƙwayar da ke fita idan an yi harbi. Sannan akwai wani ɗan maɓalli a gindin kwanson wanda ke tayar da wuta idan allurar bindiga ta doke shi, wanda za mu kira ƙyastu. A cikin huɗun kwanso ne kaɗai ke tsira bayan harbi, kuma shi ne yawanci ya fi tsada, shi ya sa ake tsintarsa. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci, domin kamar yadda za a gani a gaba, doka ba ta jira sai an haɗa su kafin ta kira su harsashi.

Tushen maganar a matakin tarayya shi ne dokar kula da bindigogi ta shekarar 1968, wadda aka zartar a shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy. Dokar ta haramta wa kowa shiga sana'ar ƙera harsashi ko shigo da shi daga waje ba tare da lasisi ba. Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce sana'a. Hukumar ATF, wadda ke kula da harkar bindigogi da abubuwan fashewa, ta fayyace cewa mutumin da yake ɗurin harsashi domin amfanin kansa kawai ba ya buƙatar lasisi, ba ya buƙatar rajista, kuma dokar tarayya ba ta yanka masa adadin da zai iya ɗurawa ba. Amma da zarar ya mayar da abin hanyar neman abinci, yana sayarwa ko rarrabawa domin riba, to ya zama maƙeri a idon doka, kuma dole ne ya nemi lasisin maƙeran harsashi, wanda ake kira nau'i na 06. Kuɗin lasisin bai taka kara ya karya ba, dala 30 ne na shekara uku. Nauyin yana wajen binciken da ake yi wa mai nema, da sharaɗin cewa dokokin jiha da na gari sun yarda a yi irin wannan sana'a a wurin da ya ambata, abin da sau da yawa ba ya yiwuwa a unguwar zama. Wanda ya yi sana'ar da gangan ba lasisi yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 5.

To, yaushe ne sha'awa ke zama sana'a? Gyaran da aka yi wa dokar a 1986 ya ba da ma'ana: mutumin da ke ba da lokacinsa da hankalinsa da ƙarfinsa ga ƙera harsashi a kai a kai, kuma babbar manufarsa ita ce neman abin zaman gari da riba ta hanyar sayar da abin da ya ƙera. A nan ne ake samun wurin da ba fari ba baƙi. Wanda ya ba ƙanensa harsashi hamsin kyauta ranar da za su fita farautar barewa bai shiga wannan ma'ana ba. Wanda kuma ya kafa tebur a kasuwar baje kolin bindigogi kowane ƙarshen mako da jakunkunan harsashin da ya ɗura, da farashi a rubuce a jiki, ya shiga ciki tsundum. Tsakanin waɗannan biyun akwai mai cewa abokai ne kawai suke mayar masa da kuɗin kayan da ya kashe, kuma a ganina wannan shi ne ya fi kowa kusa da rami, domin dokar ba ta faɗi adadin da in an wuce shi aka yi laifi ba, masu gabatar da ƙara da kotu ne za su duba yawan cinikin da maimaituwarsa su yanke. Wani abin lura shi ne, tun daga gyaran 1986 ɗin, mai shagon da ke sayar da harsashin masana'anta kaɗai ba ya buƙatar lasisin tarayya. Ƙerawar domin sayarwa ce aka ɗaure.

Akwai kuma haraji, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi. Maƙerin harsashi yana biyan kashi 11 cikin 100 na farashin abin da ya sayar, kuɗin da dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta karkatar zuwa asusun kula da namun daji na jihohi. Mai ɗuri domin kansa ba ruwansa da wannan haraji. Ka'idar harajin ta yi wani bambanci mai ban sha'awa: idan abokin ciniki ya kawo kwansonsa aka ɗura masa aka mayar masa da ainihin waɗanda ya kawo, ana ɗaukar hakan aikin ƙwadago ne, ba a ɗora wa mai ɗurin haraji, idan kuwa aka musanya masa da wasu kwanson daga cikin tarin mai ɗuri, ya zama ciniki, haraji ya hau.

Wurin da dokar ta fi tsanani shi ne batun wane ne mai ɗurin. A ma'anar da dokar 1968 ta bayar, harsashi ya haɗa da kwanso, da ƙyastu, da ƙwaya, da albarushin da aka yi domin amfani a bindiga, kowanne shi kaɗai. Ke nan mutumin da doka ta hana mallakar harsashi ba zai kare kansa da cewa bai riga ya haɗa su ba. Waɗanda aka hana sun haɗa da wanda kotu ta taɓa samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce ɗaurin shekara ɗaya, da mai gudun shari'a, da mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, da wanda kotu ta yanke cewa yana da taɓin hankali, da sojan da aka kora da tozarci, da wanda aka samu da laifin cin zarafin iyali ko kotu ta umarce shi da ya nisanci matarsa ko abokiyar zamansa. Ga irin wannan mutum, kwalin ƙyastu a aljihun tebur ko gwangwanin albarushi a kan shantu ya isa a gurfanar da shi, kuma tun daga 2022 hukuncin ya tashi daga shekara 10 zuwa 15. Wannan sashe ya shafi baƙi ma kai tsaye. Wanda ba shi da takardun zama an hana shi gaba ɗaya, sannan wanda ya shiga da bizar wucin gadi, kamar ɗalibi ko mai ziyara, shi ma yana cikin haramcin sai idan ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi, wadda aka fi sani a cikinsu ita ce riƙe lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Ɗalibi daga Kano ko Zinder da abokin karatunsa ya gayyata ya taya shi aiki a teburin ɗuri yana da kyau ya san haka kafin ya miƙa hannu.

Haramcin da ba ya duba niyya ko sha'awa shi ne na harsashi mai huda sulke. Tun daga dokar kare jami'an tsaro ta 1986, ƙera shi laifi ne ga kowa, in ban da wanda ake yi wa gwamnati, ko domin fitarwa waje, ko gwajin da hukuma ta amince da shi.

Sai batun ajiya, wanda ya fi shafar maƙwabta da 'yan kwana-kwana fiye da 'yan sanda. Dokar abubuwan fashewa ta 1970 ta ware harsashin ƙananan bindigogi da kayan haɗa shi daga yawancin sharuɗɗanta, don haka albarushin zamani, wanda ake kira marar hayaƙi, ana sayensa ba tare da izinin abubuwan fashewa ba. Baƙin albarushi na dā, ɗan'uwan wanda maharbanmu ke zubawa a bindigar toka, ya fi saurin kamawa, kuma an yafe izini ne kawai ga laba 50 na wanda masana'anta ta yi, wato kusan kilo 23, idan za a yi amfani da shi a tsofaffin bindigogi domin wasa ko al'ada. Iyakar abin da za a tara a gida kuwa tana fitowa ne daga ka'ida mai lamba 495 ta ƙungiyar rigakafin gobara ta ƙasar. Ta yarda da laba 20 na albarushi marar hayaƙi, kusan kilo 9, a cikin gwangwanayensa na asali. Abin da ya haura haka har zuwa laba 50 sai a cikin akwatin katako mai kaurin inci ɗaya. Ƙyastu ma an yanka masa iyaka. An zaɓi katako ne maimakon ƙarfe saboda katako yana jinkirta zafi, kuma idan wuta ta kama yana tsagewa hayaƙi ya fita, alhali akwatin ƙarfe da aka kulle gam yana iya komawa bam. Laba 20 ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa laba ɗaya tana ɗura harsashin ƙaramar bindiga fiye da dubu. Ita wannan ka'ida ba doka ba ce a karan kanta, sai jiha ko gari ya ɗauke ta ya sa a cikin dokokinsa, kuma wasu suna rage adadin. Gidan waya na gwamnati ba ya ɗaukar albarushi ko ƙyastu, sai kamfanonin jigila masu zaman kansu, da ƙarin kuɗin kaya masu haɗari.

Jihohi ne ke sa maganar ta rarrabu. A Masachuset sai mutum yana da lasisin jiha kafin ya mallaki harsashi, kuma ma'anarsa a can ta haɗa da kwanso, ta yadda baƙon da ya tsallako daga jihar Niyu Hamsha da ke maƙwabtaka da ita da kwanson da ya manta a ƙarƙashin kujerar mota zai iya samun kansa yana yi wa ɗan sanda bayani. Ilinoi tana buƙatar katin shaidar mai bindiga. Kalifoniya ta fara binciken mai saye a duk cinikin harsashi a watan Yulin 2019, amma sharaɗin ya tsaya ne ga harsashin da aka gama haɗawa, bai kai ga kayan haɗi ba. A watan na Yulin 2019 ne kuma ta hana farauta da ƙwayar dalma a faɗin jihar, wanda ya tilasta wa maharbin da ke ɗurin kansa ya koma ga ƙwayar jan ƙarfe. Gwamnatin tarayya ma ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991.

Abin da dokar Amurka ba ta yi ba shi ne tambayar ko mai ɗurin ya iya. Babu kwas na dole, babu jarrabawa. Ma'aunin ƙarfin harsashi da ƙungiyar masana'antun, SAAMI, ke fitarwa tun bayan kafuwarta a 1926 na sa kai ne, kuma kamfanonin bindiga da yawa suna rubutawa a takardar garanti cewa ba su da alhaki idan aka yi amfani da harsashin gida. Idan harsashin da mutum ya ɗura ya fasa bindiga a hannun wani, maganar diyya ce a kotu, kuma a kansa za ta faɗa. Jamus ta bi wata hanya dabam: mai son ɗuri sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya nuna buƙatarsa, sannan a ba shi izini a ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwan fashewa, wanda ake sabuntawa bayan shekara biyar. A Birtaniya harsashin da mutum ya ɗura yana shiga cikin adadin da takardar shaidar bindigarsa ta yarje masa, ba a sayar da ƙyastun harsashin bindigar raifil sai ga mai takarda tun bayan dokar 2006, kuma dokar 2023 ta mayar da riƙe kayan haɗi da niyyar ƙera harsashi ba izini laifi mai ɗaurin har shekara 5.

A Najeriya lissafin a juye yake. Dokar bindigogi ta 1959 ta fara ne da hani: ba wanda zai ƙera, ko ya haɗa, ko ya gyara bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa domin sojoji da yardar shugaban ƙasa, irin DICON da ke Kaduna tun 1964. Togaciyar da aka yi ta shafi izinin gyara da na ƙera bindigar da ake ɗurawa ta baki, kuma daga Sufeto Janar na 'yan sanda take fitowa. Dokar ba ta ware amfanin kai daga sana'a ba, don haka mai lasisin bindigar farauta lasisinsa bai ba shi damar ɗura ko harsashi ɗaya a gida ba, kuma hukuncin da aka tanada ga wanda ya ƙera ba izini shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.